Yadda ake tsara abinci da kuɗin shiga a ranar gasar ƙaramin kulob ɗin motoci

Idan 'yan kulob ɗin motoci ko na babura suka zauna shirya gasa, yawanci hirar takan ƙare ne a kan fili, da yadda za a jera tayoyi, da wanda zai riƙe agogo. Maganar abinci da ta kuɗi sai a ce a bari tukuna, har sai ana jibi taro. Daga nan rigimar bayan taro ke fitowa: mai riƙe tutar ba direbobi alama ya wuni a rana bai ga ko ruwan leda ba, direba ya biya kuɗi ya tarar an kwashe tukunya, ma'aji ya cike giɓi daga aljihunsa yana ta ƙorafi har wata uku.

Gasar da nake nufi ita ce ta 'yan sha'awa, wadda ake yi a killataccen fili da izinin mai filin da sanin hukuma, mota ɗaya bayan ɗaya tana zagaya alamomi ana duba mata lokaci. Titin gwamnati ba wurin tsere ba ne, kuma duk kulob ɗin da ya karɓi kuɗin mutane ya kai su can ya ɗauko wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. A Birtaniya, inda ƙananan kulob irin waɗannan suke da yawa ƙarƙashin hukumar wasannin motoci ta ƙasar, Motorsport UK, ba a buɗe rajista sai an fitar da takardar ƙa'idojin taron, wadda a cikinta aka rubuta kuɗin shiga, da ranar rufe rajista, da adadin motocin da za a karɓa, da sharaɗin mayar da kuɗi. Wannan ɗabi'ar ta cancanci aro, don ba ta buƙatar komai sai takarda da zaman awa biyu.

Mataki na 1: a fara da lissafin abin da za a kashe

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna a ce, "Nawa mutane za su iya biya?" sannan a yanke farashi. A juya tambayar: nawa taron zai ci ko da mota biyar ce kawai ta zo?

Ku raba kashe-kashen gida biyu. Gida na farko shi ne abin da ba ya canzawa da yawan mahalarta: hayar fili, motar asibiti da ma'aikacin jinya, tukwanen kashe gobara, rumfa da kujeru, igiya ko tef na killace 'yan kallo, buga lambobin mota, da abinci da ruwa da kuɗin motar ma'aikatan taro. Gida na biyu shi ne abin da ke ƙaruwa da kowane kai, wato abincin direbobi da mutanensu. Kuɗin shiga gida na farko yake ɗauka. Na biyun yana da nasa lissafi daban.

Ga misali, alƙaluman na kwatance ne kawai, kowa ya sa na garinsu. Fili naira 150,000. Motar asibiti da ma'aikacinta 100,000. Rumfa, kujeru, tef da cika tukwanen kashe gobara 80,000. Ma'aikata 20, kowanne 5,000 na ci da sha da kuɗin mota, 100,000 ke nan. Buge-buge 20,000. Jimla 450,000. A ɗora 50,000 na ko-ta-kwana, ya zama 500,000.

To a raba da nawa? Nan ne ake faɗawa rami. Filin zai ɗauki mota 30, sai a raba da 30 a ce kowa ya kawo 17,000. Ranar taro mota 22 ta zo, aka tara 374,000, saura 126,000 babu mai biya. Ku raba da adadin da kuka tabbata zai zo ko da an yi ruwa da ƙanƙara. In kun tabbata da mota 20, kuɗin shiga ya zama 25,000. Idan Allah ya sa 30 ɗin sun cika, rarar 250,000 ta shiga asusun kulob, a sayi abin kashe gobara na kai a daina haya.

Farashin da aka ji wata biyu da suka wuce kada a gina lissafi a kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai rumfa da mai motar asibiti da mai girki kowa na iya sauya magana cikin 'yan makonni. A karɓi farashi a rubuce, a ba da kafin alƙalami, a sa ranar taro a jikin rasit.

Akwai kuma inshora. Inshorar mota ta yau da kullum, har da ta dole wadda ta koma naira 15,000 a farkon 2023, ba ta ɗaukar asarar da aka yi a wajen tsere ko gwajin gudu. A Birtaniya kuɗin izinin da kulob ke biya wa hukumarsu yana haɗe da inshorar abin da ka iya samun wasu mutane a wurin. Idan babu irin wannan tsari a inda kuke, ku je wurin kamfanin inshora ku tambayi ta taron yini ɗaya, ku sa kuɗinta a gida na farko, kuma ku faɗa wa kowane direba a rubuce cewa gyaran motarsa a wuyansa yake.

Sai maganar kyauta, wadda a wurinmu ba ƙarama ba ce. Malamai da yawa suna ganin idan 'yan gasa ne suka tara kuɗi wanda ya yi nasara ya kwashe, abin ya shiga sahun caca. Hanya mafi tsafta ita ce kuɗin shiga ya tsaya a kan hidimar taro kaɗai, kofi da kyauta kuma su fito daga wani wanda ba ya cikin gasar: mai sayar da taya, mai gidan mai, ko wani dattijon kulob da ya ajiye tuƙi. A rubuta hakan ƙarara a takardar ƙa'idoji. Za ku ga mutanen da da ba za su shiga ba sun shigo da kwanciyar hankali.

Mataki na 2: a ware kuɗin abinci

Ra'ayina shi ne kada a cusa abincin kowa da kowa cikin kuɗin shiga. Direba ɗaya zai zo shi kaɗai da kularsa daga gida. Wani zai zo da bakanike biyu da ƙaninsa da abokin ƙanin. In aka ce "abinci na ciki", na farko ya biya wa na biyu, kuma mai girki ba ta san ko mutum nawa za ta dafa wa ba.

Abin da ya fi: kuɗin shiga ya ƙunshi ruwan sha na kowa da abincin ma'aikata. Abincin direba da 'yan rakiyarsa kuwa tikiti ne, a saya tun wajen rajista, kowane kai da farashinsa. Wanda ya sayi uku, uku zai karɓa. A ɗora ɗan abu kaɗan a kan farashin mai girki saboda robobi da cokula da ledar shara.

Mataki na 3: fom ɗin rajista

Duk abin da ba a tambaya a fom ba, ranar taro za a ji shi, lokacin da babu yadda za a yi. Ko na takarda ne ko na Google da ake turawa ta WhatsApp, bayan suna da lambar waya da bayanin mota, a sa waɗannan tambayoyi da Hausa mai sauƙi. Mutum nawa za ka zo da su? Tikitin abinci nawa kake so? Akwai abincin da in ka ci jikinka ke kumbura, ko ya yi borin jini, ko numfashi ya sarƙe? Wane ne? Akwai abin da ba ka ci saboda addini ko umarnin likita? Za ka kasance da azumi ranar? Kana da ciwon suga, hawan jini, olsa, asma ko sikila? Wa za a kira in wani abu ya faru?

Tambayar ta shafi 'yan rakiya da ma'aikata ma, ba direba kaɗai ba. Sau da yawa mai matsalar yaron shagon bakanike ne da babu wanda ya tambaye shi komai.

Amsoshin lafiya amana ce. Mutum biyu kaɗai ya kamata su gani: sakataren taro da ma'aikacin jinya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, kuma ko babu doka, ba wanda zai so ya ga an jera ciwonsa a zauren WhatsApp. Mai girki abin da take buƙata shi ne jerin kwanuka: "biyu ba gyaɗa, uku ba yaji, ɗaya ba nama."

A rufe rajista kwana bakwai kafin taro. Wanda ya zo bayan nan, in akwai gurbi, ya biya da ƙari, kuma a gaya masa babu tabbacin abinci na musamman.

Mataki na 4: karɓar kuɗi

Kuɗin kulob kada ya shiga asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Ba don zai ci ba. Kuɗin cefanen gidansa da na kulob za su cakuɗe, ranar lissafi ya rasa bakin zaren, zargi ya shigo. Kulob ɗin da ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin ƙungiya mai amintattu yana iya buɗe asusu da sunansa, da sa hannun mutum biyu. Kafin a kai ga haka, a buɗe asusu na musamman da ba a komai da shi sai wannan, shugaba da ma'aji duka suna ganin saƙon shigar kuɗi.

Kowa ya rubuta sunansa da lambar motarsa a wajen bayanin tura kuɗi. Hoton rasit da aka turo ba shaida ba ce, don alat na bogi ya zama ruwan dare. Ma'aji ya buɗe asusun ya ga kuɗin da idonsa, sannan ya sa suna a jerin waɗanda suka biya. A tuna da harajin naira 50 da ake cira a kan tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama, da cajin mai POS in za a yi amfani da shi a bakin ƙofa, a faɗi tun farko wanda zai ɗauke su. Tsabar kuɗi in dole ne a karɓa, to da littafin rasit mai kwafi, mutum ɗaya na karɓa wani na rubutawa.

Gurbi na wanda ya biya ne. "Sa sunana, zan turo" ba rajista ba ce. Za a sami babban mutum da zai kira shugaba da daddare ya ce a saka ɗansa. Amsar tana da sauƙi in an shirya ta: "Ranka ya daɗe, gurbinsa na nan har gobe da azahar, ga lambar asusun, ma'aji na gani zai tura masa lambar motarsa." Ba a ɓata wa kowa ba, ba a kuma karya ƙa'ida ba. Idan kwamiti na son ɗauke wa wani kuɗin, misali matashin da ya wuni yana jera tayoyi, a yanke hakan a zaman kwamiti a rubuta, kada ya zama alfarmar bakin ƙofa.

Sharaɗin mayar da kuɗi a rubuta shi kafin naira ɗaya ta shigo. Tsarin da ya fi adalci a ganina: wanda ya janye kafin ranar rufewa a mayar masa da kuɗinsa, a cire ɗan abin hidima. Wanda ya janye bayan rufewa, sai in wani daga jerin masu jira ya maye gurbinsa. Kuɗin abinci ba ya dawowa da zarar an ba mai girki kuɗin cefane. Motar da ba ta tsallake duba lafiyar motoci da ake yi kafin gasa ba, birki ba ya ci ko batir na rawa ba a ɗaure ba, ba a mayar wa mai ita komai, don an riga an kashe kuɗin dominsa. In kuma kulob ne ya ɗage taron saboda ruwan sama ko umarnin hukuma, a cire abin da aka riga aka kashe wanda ba ya dawowa, a raba sauran, ko a ɗaga wa kowa rajistarsa zuwa sabuwar rana, ya zaɓa.

Mataki na 5: ƙidayar baki da zaɓen abinci

Ranar da aka rufe rajista a zauna a ƙirga. A ce mota 24, tikitin da aka saya 70. Ma'aikata 20. Mutanen motar asibiti 3, jami'an tsaro 4, masu gadin filin 2. An kusa ɗari ke nan, alhali a baki ana cewa "taron mota ashirin da huɗu ne." Masu gadi da jami'an tsaro su aka fi mantawa, kuma su ne za su tsaya kusa da tukunya suna kallo. A ƙara kwano goma a kan jimlar.

Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan ciyar da mutum bakwai zuwa takwas masu jin yunwa. Da wannan za ku iya auna ko abin da mai girki ta ce za ta saya ya yi daidai.

Da safe abu mai sauƙi: shayi da burodi da ƙwai, ko koko da ƙosai. Da rana ma kada a yi nauyi. Tuwo da miya mai maiƙo, ko sakwara, suna saukar da kasala, kuma mutumin da zai koma bayan sitiyari cikin minti arba'in ba ya buƙatar barci. Dafa-duka ko shinkafa da wake daidai ciki, da yankan nama ko kifi, da kankana ko lemon zaƙi, sun wadatar. Gashi da tsire da duk wani shagali a bar su sai an rufe fili an ajiye makullai. Kayan maye kuwa babu su sam, kuma wannan ya haɗa da abin da ba a ɗauka maye ba: maganin mura irin su Piriton yana sa gyangyaɗi, wanda ya sha da safe ya faɗa wa ma'aikacin jinya kafin ya hau mota.

Salak mai mayonis da kwaɗon da zai wuni a rana a haƙura da su. Ba sa jure zafinmu.

Mataki na 6: masu buƙata ta musamman

Nan ya kamata a fi daɗewa, domin kuskuren nan asibiti yake kai mutum.

Gyaɗa ce babbar matsala a girkinmu, saboda tana ɓuya. Tana cikin yajin tsire da na kilishi ta hanyar ƙuli-ƙuli, tana cikin miyar taushe, tana cikin kunun gyaɗa, kuma da man gyaɗa ake suya a gidaje da yawa. Mai girki za ta rantse ba ta sa gyaɗa ba, kuma gaskiyarta, amma yajin da ta barbaɗa a kan naman fa? Haka riɗi yake shiga kantu da wasu miya. Garin kirafish yana shiga dafa-duka ba a ganinsa, kuma yana tayar wa masu rashin jituwa da jatan lande. Alkama tana cikin taliya, burodi, gurasa, alkubus da funkasau, wasu ma suna ƙara fulawa a ɗanwake. Madara da nono suna cikin shayi da fura. A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta lissafa abubuwa 14 da dole mai sayar da abinci ya bayyana, ciki har da gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, waken suya da alkama. Birtaniya ta ƙara tsaurara dokar a watan Oktoban 2021, bayan rasuwar wata yarinya a 2016 da ta ci burodin da aka gasa da riɗi a ciki ba a rubuta a jikin ledar ba.

Don haka zama da mai girki ya zama na tambaya ɗaya bayan ɗaya. "Hajiya, da wane mai za ki soya naman? Yajin naki na gida ne ko na kasuwa? Akwai ƙuli a ciki? Kina sa kirafish a shinkafar?" Kwanon mai wannan matsala a fara dafa shi kafin sauran, a tukunya wankakkiya, da ludayinsa daban da mai sabo wanda ba a soya komai a ciki ba. A rufe, a rubuta suna da lambar mota a murfin, a ajiye a kula daban, mutum ɗaya ya miƙa shi hannu da hannu. Tsame naman daga miyar gyaɗa a ɗauraye ba ya hana komai. In mai girki ba za ta iya ba da tabbaci ba, a gaya wa mutumin gaskiya tun da wuri ya zo da nasa, a mayar masa da kuɗin tikiti. Ya fi a yi masa alkawarin da ba a iya cikawa ba.

A tambayi masu motar asibiti tun ranar ɗaukarsu ko suna da allurar adirenalin. Idan leɓe da harshe suka kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya bayan cin abinci, ita ce magani na farko, kuma mintuna ake ƙirgawa. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta isa ba.

Mai ciwon suga, musamman mai allurar insulin ko wasu ƙwayoyin da ke saukar da suga sosai, abin tsoro gare shi shi ne jinkirin abinci. In aka ce ƙarfe ɗaya aka kai uku, sugansa na iya faɗuwa yana tsakiyar fili: rawar jiki, zufa, ruɗewa. Ƙa'idar da ake ba direbobi masu insulin a Birtaniya ita ce su auna cikin awa biyu kafin tuƙi, su sake aunawa duk bayan awa biyu, kuma in awon ya nuna 5 ko ƙasa da haka a ma'aunin da suke amfani da shi, wanda ya yi daidai da 90 a na'urorin da suka fi yawa a nan, su ci wani abu tukuna. A teburin jinya a ajiye lemon kwalba mai suga, da sukari, da dabino, da biskit. Kada jerin fita fili ya hana irin wannan mutum cin abinci a kan lokacinsa, a sauya masa layi in ya zama dole.

Mai olsa a ware masa marar yaji, kuma kada ya daɗe da yunwa. Mai hawan jini a rage masa gishiri da dunƙule. Mai sikila ruwa da inuwa ne abin kula, don ƙishirwa da zafi suna tayar da ciwon. Hanya mai sauƙi da ke rage rabin wahalar ita ce a dafa tukunyar gaba ɗaya da sassaucin yaji da gishiri, a ajiye yaji a gefe, mai so ya ƙara.

Ta fuskar addini, a tabbatar da inda aka sayi nama da wanda ya yanka, musamman in mai girkin baƙuwa ce ko a wani gari ake taron. Ana samun 'yan Katolika da ba sa cin nama ranar Juma'a a lokacin azuminsu na kafin Ista, da baƙi 'yan Indiya da ba sa cin naman shanu ko nama gaba ɗaya. Wake da shinkafa da aka dafa ba da romon nama ba yana fitar da kowa kunya. Watan Ramadan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, a duba kalanda kafin a sa rana. Gasar rana tsaka cikin azumi ba dabara ba ce. Ko a wajen Ramadan za a sami mai azumin nafila ko na ramuwa. Shi a sa shi a sahun farko da sanyin safiya, in ma'aikaci ne a ba shi wuri mai inuwa, a kuma ajiye masa kwanonsa da dabino in taron zai kai magariba.

Mataki na 7: ruwa

A watannin Maris da Afrilu zafi a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe gilasanta kuma ya fi haka, ga hular kwano a ka. Shawarar masana lafiyar ma'aikata ga mai aiki a zafi ita ce kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, ba tare da jiran ƙishirwa ba. Jakar ruwan leda guda 20 ce, lita 10 ke nan. A yi lissafin rabin jaka ga duk wanda zai wuni a rana. Mutum ɗari, jaka 50, a ƙara na alwala da wanke hannu a jarkoki daban. A tanadi ƙanƙara da gishirin ORS. In ya ƙare, ana haɗa shi da lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abu ɗaya da za a faɗa da babbar murya a jawabin safe: kada kowa ya zuba fetur, man birki ko ruwan lagireto a robar lemo ko ta ruwan sha. Mun saba ganin fetur a irin waɗannan robobi a bakin titi har ido ya daina lura. Ruwan sanyaya inji mai launin kore ko ja yana kama da lemo, yana da ɗan zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda. A wurin da yara ke yawo tsakanin motoci, wannan ba abin wasa ba ne.

Mataki na 8: ranar taro

Rumfar abinci ta yi nesa da inda ake zuba mai da gyaran motoci, kuma ta kasance ta ɓangaren da iska ke fitowa, don kada iska ta kawo mata ƙura da hayaƙi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne har ya iske wuta, saboda haka murhun mai shayi da tukunyar gas da garwashin mai tsire duk su tsaya can nesa, da abin kashe gobara ɗaya a gefensu. A ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin rumfar. Bakanike ya saba wanke hannu da fetur, a nuna masa sabulun.

Ma'aikata su fara karyawa, kafin a tura kowa wurin tsayuwarsa. Mai tuta da ke can ƙarshen fili ba zai iya barin wurinsa ya zo layi ba, don haka a ba shi ruwansa da ɗan abin taɓawa tun safe, a kuma sa mutum ɗaya mai babur wanda aikinsa kawai zagayawa da ruwan sanyi tsakanin zagaye da zagaye, lokacin da aka tsayar da motoci. Waɗannan mutane kyauta suke aiki ko kusa da kyauta, kuma in babu su babu gasa. A Birtaniya ma da ɗan burodi mai zafi da shayi da tikitin abinci ake riƙe su. Ranar da suka ga direbobi na cin kaza su suna hamma, ba za su dawo ba.

Hutun rana a haɗa shi da sallar azahar, a rufe fili gaba ɗaya na awa ɗaya, babu motar da za ta motsa. A faɗa wa mai girki abinci ya iso minti 30 kafin hutun, kada ya fi haka. Dalili shi ne ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba ba a cikin sanyi ba, domin tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Shinkafa ta fi kowanne haɗari a nan, don akwai ƙwayar cutar da ke jure dahuwa, ta farfaɗo in shinkafar ta huce a hankali, kuma ɗumamawa ba ya kashe dafin da ta bari. Wadda aka zuba a robobi tun ƙarfe bakwai na safe aka jibge a but ɗin mota har ƙarfe biyu, ita ce ke sa rabin kulob kwana a bayi. Ko a dafa a wurin, ko a kawo a manyan kuloli da zafinta a zuba a gaban mai ci.

Wajen rabo, layi biyu: na ma'aikata da masu kwano na musamman, da na sauran. Tikiti mai lamba da hatimin kulob, a karɓa a yage. Mai rabo kada ya zama mai jin kunyar mutane, kuma kada ya zama shugaba. 'Yan kallo a bar masu talla su sayar musu a wajen igiya, a karɓi ɗan kuɗin wuri in an ga dama, da sharaɗin kowa ya kwashe shararsa.

Abin da ya rage a rabar nan take ga masu gadi da almajirai da maƙwabtan fili tun yana da zafi. Wanda ya wuce lokacinsa a zubar, ba sadaka ba ce a ba wani abin da kai ba za ka ci ba.

Mataki na 9: rufe lissafi

A biya mai girki cikon kuɗinta a ranar, bayan an ƙirga kwanukan da ta kawo a gabanta. Kafin mako ya zagayo ma'aji ya fitar da shafi ɗaya: abin da ya shigo daga kuɗin shiga, daga tikitin abinci, daga masu tallafi, abin da aka kashe layi-layi da hoton rasit, waɗanda aka mayar wa kuɗi, da abin da ya rage. A tura wa duk wanda ya biya, ba 'yan kwamiti kaɗai ba. Fom ɗin da ke ɗauke da bayanan lafiya a ƙona na takarda, a goge na waya.

A ƙasan shafin sakatare ya ƙara layi huɗu don taro na gaba: mota nawa ta yi rajista nawa ta zo, kwano nawa aka dafa nawa ya rage, jakar ruwa nawa aka sha, da ƙarfe nawa abinci ya iso.